Tambaya kan tasowa daga filin jirgin Pau zuwa Jidda

Wata uwa daga Jidda: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Pau, a kudu maso yammacin Faransa, kuma zai zo hutu ta ƙaramin filin jirgin garin. Me ya kamata ya kula da shi, tunda babu jirgin da ke tasowa daga can kai tsaye zuwa nan?

Amsa daga Makka: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abu mafi muhimmanci shi ne ya sayi tikiti guda ɗaya wanda ya haɗa tafiyar gaba ɗaya, domin a ɗauki kayansa daga Pau har Jidda, kuma idan jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai nema masa wani. Idan a Paris zai canza jirgi, ya duba sosai ko a filin Charles de Gaulle zai sauka ko a na Orly, saboda filayen biyu suna nesa da juna, ɗaya a arewacin Paris, ɗaya a kudu. A Paris ne za a duba fasfonsa na fita daga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu ba tare da duba fasfo ba, don haka ya bar tazara mai yawa tsakanin jiragen.

Amsa daga Madina: Ƙari kan bayanin Alhaji, irin waɗannan filaye ba su da motocin haya jibge a ƙofa da asuba, gara ya yi odar tasi tun daren da zai wayi gari ya yi tafiyar. Turare da sauran ruwaye a jakar hannu kada kowace kwalba ta wuce mililita 100.

Uwar: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan tura masa yanzu.