Wurare 11 na tura takardar neman aikin lauya, ko kira ɗaya ban samu ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekarata huɗu da zama lauya, duk a ofishi ɗaya ƙarƙashin wani babban lauya. Yanzu ina son komawa ɓangaren shari'ar kasuwanci, ko ofishin lauyoyi ko sashen shari'a na kamfani. Cikin wata uku na tura takardar tarihin aikina wurare 11, shiru kake ji. Shafi biyar ce, na zuba komai tun daga firamare. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kusan duk abin da na rubuta a ofis maigidana ne ke sa hannu, sunana bai fito ko'ina ba. Na yi tunanin jero sunayen manyan kamfanonin da muka wakilta don a ga nauyin aikin. Ya dace?

Wani babban lauya: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Sunayen nan ki bar su, don Allah. Na daɗe ina tantance masu neman aiki a ofishinmu, kuma duk takardar da na ga an baje sunayen waɗanda aka wakilta, abin da ke faɗo mini shi ne gobe namu za a baje. Riƙe sirrin wanda kike wakilta wajibi ne a sana'ar nan, kuma barin ofis ba ya sauke shi. Shari'ar da aka yanke hukuncinta aka wallafa, wannan kowa na iya karantawa, kina iya ambatonta. Amma shawarar da kuka ba kamfani a ɗaki, sai dai ki ce "wani banki" ko "wani kamfanin gine-gine".

Batun sa hannu kuwa, kada ya hana ki barci. Duk mun bi ta nan, mun san wanda ke kwana yana rubutu da wanda ke sa hannu da safe. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a rubuta "taimakawa wajen harkokin shari'a". Wane taimako? Ki ce kin tsara yarjejeniyar haya ta kasuwanci guda nawa, kin rubuta jawabin da aka gabatar a kotun ɗaukaka ƙara, kin yi wa shaidu tambayoyi a ƙararraki kaza. Inda kika taimaka ne kawai, ki faɗi hakan. Wanda ya ce shi ya jagoranci shari'ar da jaka kawai ya riƙe, tambaya ɗaya a intabiyu take tona shi.

Wata mai aikin ɗaukar ma'aikata: Shafi biyu sun ishe ki. A sama sunanki, waya, imel, da shekarar da aka rantsar da ke lauya, don ita ake fara dubawa. Sai aiki, na baya-bayan nan a farko, sannan karatu daga jami'a zuwa sama. Firamare, shekarun haihuwa, aure da hoto duk ki cire sai in an nema. Manyan kamfanoni da yawa manhaja ce ke fara tace takardu kafin mutum ya gani, don haka ki yi amfani da kalmomin da ke cikin tallar aikin, ki guji jadawali da ado. Ki tura a PDF, sunanki ya zama sunan fayil ɗin.

Wani lauya, sa'anta: Ni a ganina ba tsawon ne kaɗai matsalar ba, Barista. Kasuwanci kike nema, amma ina kyautata zaton takardarki labarin kotu ce daga sama har ƙasa. Haka tawa take lokacin da na sauya. Sai da na ɗauko aikin kwangila, rajistar kamfani da sulhu na kai su gaba, sannan aka fara kirana. In kin iya bincike da LexisNexis ko Westlaw, wato rumbunan binciken dokoki da hukunce-hukunce na intanet, ki rubuta. Kuma ki ba wani ya karanta miki. Kuskuren rubutu ɗaya a takardar mai neman a ba shi tsara kwangila ba ƙaramin abu ba ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zauna da littafin aikina na ƙirga, ashe yarjejeniyoyi 34 na tsara, ko ɗaya ban ambata ba. Saura abu guda: maigidana bai san ina neman wani wuri ba. In sa sunansa cikin masu ba da shaida a kaina?

Babban lauyan: Kada ki sa sunan kowa ba da saninsa ba, balle shi. Bai dace ya ji labarin tafiyarki daga bakin baƙo a waya ba. A yanzu ki nemi izinin malamin da ya koyar da ke, ko lauyan da kuka yi aiki tare. In magana ta yi nisa, ki shiga ofishinsa ki faɗa masa da bakinki kafin su kira shi.