An ce haƙorina ya mutu, amma yana ciwo idan na tauna

Maman Safiya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mako uku da suka wuce, wani turmin haƙorina na ƙasa ya hana ni barci kwana huɗu, har ruwan randa ba na iya kurɓa, sai kuma ciwon ya ɗauke da kansa. Likitan haƙori ya ɗauki hoto, ya ce ɓargon haƙorin ya mutu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na tauna ko da tuwo ne a wannan gefen, sai in ji zafi. Ta yaya abin da ya mutu zai yi ciwo?

Malam Bala, Samaru:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Jijiyoyin da ke jin zafi a haƙori suna wuri biyu ne. Na farko suna cikin ɓargo, wato tsoka mai laushi da ke tsakiyar haƙori, wadda dantin, wato sashe mai tauri kamar ƙashi, ya kewaye, inamel kuma, wato farin ɓawon waje, ya rufe daga sama. Ta wani ɗan ƙaramin rami a ƙarshen saiwar haƙorin jini da jijiyoyi ke shiga cikinta. Idan ruɓa ta kai can, ɓargon yakan kumbura, kuma da yake bangonsa ba ya buɗewa, matsin kan toshe hanyar jini har ya mutu. Shi ya sa sanyi ya daina damun ki.

Na biyun suna cikin wasu siraran zaruruwa da ke ɗaure saiwa da ƙashin muƙamuƙi, kaurinsu bai wuce kusan milimita 0.2 ba. Su ne ke rage ƙarfin tauna, su ne kuma ke sanar da mutum idan ya ciji tsakuwa a shinkafa. Waɗannan suna nan da ransu, kuma ƙwayoyin cuta da suka fito ta ƙarshen saiwa ne suka kumbura su, shi ya sa kike jin zafi idan kin tauna.

Hajiya Talatu, Sabon Gari:
Ƙanwata, ni ma na sha wannan. Na dogara da kanumfari wata biyu, har dasashina ya tara mugunya, kuncina ya kumbura. Don Allah kada ki jira haka.

Malam Bala, Samaru:
Gaskiyar Hajiya Talatu ce. Ki koma wurin likitan, ko sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na ABU, ki tambaya ko za a iya wanke ramin saiwar a cike shi. Muddin zaruruwan da ƙashin suna da ƙarfi, haƙori yakan daɗe yana aiki ko da babu ɓargo.