Zaman gefen gari: waɗanda suka bar cikin Kano, yaya kuka sami sabbin unguwanni?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Mai gidan da nake haya a Gwammaja ya sake ƙara kuɗi. Ina da ɗan fili 50 da 50 a bayan Danbare, na fara tunanin in ɗora ɗaki biyu da falo mu tare ko babu filasta. Uwargida ta ce ita ba za ta koma daji ba. Shagona kuma a Kantin Kwari yake. Waɗanda suka riga mu fita, ku gaya mana gaskiya, ba irin ta dillalai ba.

Maman Tagwaye: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka ga laifinta. Kai da safe za ka fice, ita za ka bari da gidan. Ni a Yakasai na tashi, inda in gishiri ya yanke miki sai ki leƙa ta katanga ki karɓo. Da muka tare a wajen Rimin Kebe, dama da hagu duk kango ne, sai ciyawa da akuyoyin mutane. Daga fitar maigida har dawowarsa ba na jin sallamar kowa.

Ruwa shi ne babban abu. Famfo dai babu shi, sai 'yan garuwa masu kura, su kuma da bazara sai ka yi musu magiya, don sun fi son layin da babu yashi. Da damina kuwa mai adaidaita a bakin titi yake sauke ka, ya ce ba zai shiga taɓo ba. Ranar da naƙuda ta kama ni cikin dare, maigida gida-gida ya bi yana buga ƙofa har aka sami mai mota.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne dangi. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuma ta yi nisa. A yi rasuwa a cikin gari, kafin ki haɗa yara ki sami abin hawa an dawo daga maƙabarta. Biki in kin je kamu ba za ki koma yini ba. Yayata har gori take mini wai mun zama baƙi. Duk da haka ba zan koma gidan haya ba. Yanzu tsakar gida nawa ne, ga zogale ga kaji, babu layin banɗaki, babu faɗan yaran maƙota.

Malamin Firamare: Ka ɗauki biro ka yi lissafin mota kafin na bulo. Ni daga Mariri nake shiga gari kullum, ta Hotoro. Tun da aka hana acaɓa a 2013 adaidaita ce gatanmu, kuma kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin da sauƙi. Bayan nan kuɗin da na tsere wa a wajen mai gidan haya, masu adaidaita ne suke karɓe shi da kaɗan-kaɗan. Kai daga Danbare sai ka ratsa Rijiyar Zaki da Kabuga kafin ka doshi Kwari, safe da yamma, ga yara in makarantarsu tana cikin gari. In kana da babur to da dama-dama.

Injiniyan Gini: Tambayar da ban ga an yi maka ba: filin naka awon gwamnati ne ko awon igiya? Nan ne maganar take. A awon igiya mai gona ne da dillali suke yanka filaye yadda za su fi yawa. Layi ya zo a matse, mota biyu ba sa giftawa, ba a bar hanyar ruwa ba, ba a ware wa makaranta ko asibiti ko maƙabarta ko taku ɗaya ba. In unguwa ta cika, kowa ya sako kwatarsa kan hanya.

Sannan duk abin da a cikin gari ka tarar da shi a kafe, a can da aljihunka za ka kafa shi. A unguwarmu karo-karo muka yi muka sayi turakun wuta da waya, muka sake yin wani na taransifoma, da ta ƙone aka sake zagayowa da littafi. Ga kuɗin 'yan sintiri duk wata, don ɓarayin waya da na ƙofofin kango ba sa hutu. Kuma kada ka dogara da takardar mai unguwa kaɗai. Na ga fili ɗaya da mutum biyu kowa riƙe da takardarsa. Ka je ma'aikatar ƙasa da KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka tabbatar wurin bai faɗa cikin wani shiri na gwamnati ba kafin ka sauke yashi.

Na Mararaba: Ku mutanen Kano ku gode wa Allah. Mu a jihar Nasarawa muke kwana, a Abuja muke aiki. Wanda bai bar gida ana idar da sallar asuba ba, rana za ta same shi tsakanin Nyanya da Kugbo bai ko hango shataletalen AYA na cikin Abuja ba. Yarana sai Asabar suke ganina da ido biyu.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, ka yi gininka. Lokacin da muke zuwa sabuwar jami'ar Bayero muna samari, Rijiyar Zaki gonaki ne, wanda ya sayi fili a can dariya ake yi masa. Je ka tambayi kuɗin fili a wurin yau. Kano ba ta tsaya a badala ba, ta cinye Nassarawa da Tarauni, ga ta cikin Kumbotso da Ungogo. Wahalar ta 'yan shekarun farko ce. Masallaci zai zo, mai shayi zai zo, mai kemis zai zo.

Maman Tagwaye: Baba, Allah ya ƙara girma, mai shayi kam yana zuwa da wuri. Asibiti da makarantar gwamnati ne har yau muke jira.

Ɗan Asalin Wurin: Ni ban fita ba, gari ne ya zo ya same ni, ta ɓangaren Kumbotso. Inda kuke kira sabuwar unguwa gonar mahaifinmu ce, gero da dawa da wake muke ɗebowa a ciki. Da ya rasu aka raba gado, dillalai suka yi ta sintiri har kowa ya sayar da rabonsa. Wani ya yi aure, wani ya sayi adaidaita, kuɗin suka bi iska. Yau da kwano nake auno dawa a kasuwa, ƙannena kuma su ne leburorin da ke ɗora muku bulo.

Ba ƙorafi nake ba, mun sami wuta da titi albarkacinku. Sai dai wasunku sukan zo su ja doguwar katanga, su sa waya a kai, su wuce dattawa a bakin masallaci gilashi a rufe. In ka tare, Alhaji, ka fara da gaida mai unguwa da liman. Kuma tun kafin ka haƙa harsashi ka sami tsofaffin wurin ka tambaye su inda ruwa yake kwanciya. Akwai filayen da kududdufi ne aka cike da shara aka yanka, da rani ba za ka taɓa ganewa ba. Ka je ka duba naka a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, kuma ka tafi da uwargidan.