Neman Shawara: Zan Kai Surukata Gidan Biltmore, Amma Abincin Ya Tsaya Mini a Rai

Mai Tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Mahaifiyar maigidana ta zo mana Atlanta daga Kano tun da na haihu, kuma watanni huɗu ke nan ba ta san ko'ina ba sai asibiti da masallacin Juma'a, alhali ita ce take kwana da jaririyar, abin da mahaifiyata ba ta samu yi mini ba saboda ba a ba ta biza ba. Saura makonni uku ta koma gida, shi ya sa na shirya mana kwana biyu a Asheville, jihar North Carolina, domin ta ga gidan Biltmore mai ɗakuna 250, wanda aka gina wa attajiri George Vanderbilt tsakanin 1889 da 1895. Na riga na biya tikiti. Ina so ta ɗanɗana girkin Kudancin Amurka, amma ina tsoron alade. Yaya zan yi?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, shekarata goma sha biyar a birnin Charlotte na jihar North Carolina, saboda haka ki saurare ni. Gashin da ake kira barbecue a North Carolina naman alade ne, ganyen collard da ƙafar alade ake dafa shi, wake ma haka, kuma biskit ɗinsu, wanda wani irin burodi ne, sau da yawa da kitsen alade ake kwaɓa shi. Ki dafa tuwonki ki zuba a kula, magana ta ƙare.

Uwar Biyu: Malam, ka tsananta. Akwai soyayyar tarwaɗa da ake shafa wa garin masara, akwai soyayyar kuɓewa, akwai grits wanda tsakin masara ne kamar faten gida, sai dai a tambayi irin man da aka yi suya da shi. Ni kam ina jinjina miki, domin tawa surukar da na kai ta birnin Savannah na jihar Georgia, bayan ta koma ta ce da dangi na yi ta yawo da ita kan titi ina ɓarnar kuɗin ɗanta, har yau ba mu daidaita ba.

Ɗan Zariya: Wa za a tambaya? Yaron da yake kawo abinci bai san abin da ke cikin tukunya ba. Ban da haka, akwai masana'antar giya a harabar Biltmore.

Baƙon Yamai: Ni abin da ya dame ni shi ne kai dattijuwa kallon gidan da bayi suka gina.

Uwar Biyu: An haramta bauta a Amurka tun 1865, shekaru 24 kafin a fara ginin.

Mai Tambaya: Na gode, amma ba zan ɗauki tuwo ba, domin tuwo take ci kullum, kuma ba wanda ya ce za mu leƙa wajen giya. Tafiyar ma sa'o'i uku da rabi ce kawai a mota, ciwon gwiwarta ba zai tashi ba in Allah ya so.

Uwar Biyu: Ciwon gwiwa kuma? Ba ki faɗa mana ba, ga shi gidan bene ne mai matakala da yawa. Shi maigidan me ya ce?

Mai Tambaya: Ban gaya masa ba tukuna, so nake in ba su mamaki su biyun.

Ɗan Zariya: To, idan kin tashi zuba tuwon, ki sa miyar kuka, ta fi jure tafiya.