Neman kalmar Hausa: me za mu ce wa "hameçonnage"? Shirin gobe da dare ne

Mai Shirin Dare, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Gobe Laraba da ƙarfe 8 na dare ina da shiri a gidan rediyonmu kan tsaron kuɗi a salula, kuma takardar da aka ba ni da Faransanci take. Kalma guda ta tsaya mini: hameçonnage, wadda masu Ingilishi ke ce wa phishing. Wato a aiko maka saƙo ko a kira ka da sunan banki ko kamfanin waya, a ce ka ci kyauta ko za a rufe asusunka, sai ka latsa wani wuri ko ka faɗi lambarka ta sirri. Kai da hannunka kake miƙa mabuɗin.

Ba don aiki kaɗai nake tambaya ba. Watan jiya aka yi wa gwaggona. Tana tuyar ƙosai a bakin tasha wani ya kira ta, ya ce daga kamfani yake, wai an yi kuskure a asusunta, ta karanto masa lambobi 6 da suka shigo wayarta don a gyara. Hannunta duk mai, sai ta ba yaron maƙwabta ya karanto. Kafin ta kwashe kaskon da ke kan wuta, jika 45 na adashi sun tafi. Da na ce mata an damfare ta, sai ta ce, "Ɗiyata, ai bai roƙe ni kuɗi ba, lamba kawai ya tambaya." Maganar nan ta hana ni barci. Kalmar da nake nema ita ce wadda in irin su gwaggo suka ji ta sau ɗaya, za su tuna da ita a lokacin da wayar ke kunnensu.

Malamin Lakwal:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar mata da alheri. Fatsa. Hameçon ai ƙugiya ce, masu Ingilishi ma daga kamun kifi suka ɗauko tasu. Ki ce "fatsar intanet", mai yi kuma "ɗan fatsa".

Ɗan Tabalak:
Na goyi bayan Malam. A bakin tafki na tashi. Mai fatsa ba ya bin kifi, tsutsa yake maƙalawa ya zauna ya jira, kifi da kansa yake zuwa ya haɗiya. Amma in saƙo guda aka watsa wa mutane dubu, wannan ya fi kama da mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi jere da ake shimfiɗawa a ruwa a kwana, wanda tsautsayi ya ratsa da shi ya maƙale. A riƙe duka biyun.

Hajiya Tafinta, Yamai:
Ƙanwata, ki yi hattara da "fatsar intanet". Gwaggonki ba ta taɓa shiga intanet ba, kiranta aka yi. In ta ji haka za ta ce wannan matsalar masu manyan wayoyi ce. Sa'an nan masu saurarenki na Illela da Keita da Bouza, nawa ne cikinsu suka taɓa riƙa fatsa? Ni a fassara "damfara ta sojan gona" nake rubutawa, don gindin abin shi ne mutum ya zo da sunan wani.

Ba'adare:
Hajiya ta kusa. Mu nan muna da wadda ta hi sojan gona: shigar burtu. Na ga tsohon maharbi shina yin ta ina yaro. Shi ɗaura kan burtu bisa goshi, shi lulluɓa da baƙin zane, shi duƙa shina tahiya shina kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo. Barewa ta ɗaga kai ta gani ta ce burtu ne, ta ci gaba da cin ciyawa har shi iso inda kibiya ka kai. Wanga mutum da ya kira gwaggo, mi ya yi in ba haka ba? Ya sa kan kamfani ya matso.

Baba Mai Ƙamus:
Duk na karanta, kuma raina bai yi daɗi ba. Fatsa fassarar tunanin Bature ce, ya ce ƙugiya mu ma mu ce ƙugiya. Shigar burtu karin magana ce, ba a gina ilimi da karin magana. Ga shi kuna ta intanet, banki, lamba, kamar harshen ba shi da uwa. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. Harshen ƙasa kalma guda yake bukata wadda za ta shiga takardar doka. Na daɗe da ƙirƙiro ta: TATSIRRI, daga tatsa da sirri. Mai yi matatsirci, jam'i matatsirta. An yi masa tatsirri. Ku gwada ta a baki ku ji.

Malamin Lakwal:
Baba, da girmamawa, sirri ma daga Larabci muka aro ta, haka ƙamus ɗin da ke cikin sunanka. In aro laifi ne, rabin abin da muke faɗi a masallaci da kasuwa zai zube.

Baba Mai Ƙamus:
Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Wanda ya zo jiya baƙo ne. Tatsirri.

Bakano a Yamai:
Ni dai a gida abin da na saba ji a rediyo shi ne "kutse" ko "damfara ta intanet". Me zai hana a bi wanda mutane da yawa suka riga suka sani? A Jami'ar Bayero akwai cibiyar nazarin harsuna da ta daɗe tana wannan aiki.

Ba'adare:
To ga ta nan. Kullum sai an ce mu jira Kano ta yanka mu ɗauka. Hausar Adar ba reshe ba ce, malam.

Hajiya Tafinta, Yamai:
Taron daidaita rubutun Hausa na 1980 ma a nan Yamai aka yi shi, ƴan Nijar da ƴan Najeriya a zaure guda. Har yau mu muna rubuta ƴ su suna rubuta 'y, kuma ba wanda ya kasa karanta ɗan uwansa. Amma kutse kam ba ta dace ba. Mai kutse katanga yake haurawa. Wannan sallama yake yi a ƙofa, mai gida ya buɗe masa.

Bakano a Yamai:
Ban ce a jira kowa ba, Yaya. Cewa na yi ɓarawon da ke kiran Tawa shi ne ke kiran Sakkwato, gara sunansa ya zama ɗaya a wurin duka biyun. Kan kutse kuwa na yarda da Hajiya.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Baba, bari in kawo abin da ya faru da masu Faransancin kansu. Kalmar phishing ta fito ne wajen 1995 zuwa 1996, daga masu satar asusun mutane a kamfanin intanet na AOL a Amurka, suna shigar ma'aikatan kamfanin suna tambayar kalmar sirri. A 2004 hukumar kula da Faransanci ta Kebek a Kanada ta kawo hameçonnage. A 2006 kwamitin kalmomi na Faransa ya fito da tasa, filoutage, har ta shiga jaridar gwamnati. Yau ga takardar da ke hannun ƴar uwarmu, wace ce a ciki? Wadda ke da hoto a cikinta ita ta rayu, mutum na ji ya ga ƙugiya.

Kuma ƙanwata, kowace kika zaɓa, ki faɗi yadda abin yake aiki. Lambobi 6 ɗin nan na amfani sau ɗaya ne, kamfani ke turo su don ya tabbatar mai layin ne ke neman shiga ko fitar da kuɗi. Ɓarawon ya riga ya fara aikin daga can, abin da ya rage masa kawai lambar da ta sauka a wayar gwaggo. Shi ya sa yake gaggauta mutum, don lambar ba ta daɗewa take mutuwa. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar ta. Ki kuma gaya musu akwai doka, mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet, kada kunya ta hana su kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma.

Baba Mai Ƙamus:
Tatsirri ma tana da hoto. Wa bai taɓa ganin ana tatsar saniya ba?

Ɗan Tabalak:
Baba, na faɗa wa mahaifiyata ita yanzu ba tare da bayani ba. Ta ce sunan magani ne? Da na ce shigar burtu sai ta ce, "Wa aka yaudara?"

Mai Shirin Dare, Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan yi, don lokaci ya ƙure. A iska zan ce "damfarar shigar burtu", in buɗe shirin da labarin maharbin nan in Yaya Ba'adare ya yarda. Inda takardar ke maganar saƙon da ake watsa wa jama'a da alkawarin kyauta, zan ce "saƙon fatsa", don a can ƙugiyar ta fi fitowa. Na san biyu ne ba ɗaya ba, kuma na san doguwa ce. Baba, zan ambaci tatsirri a ƙarshe in ce shawarar wani dattijo ce, masu kira su faɗi ra'ayinsu.

Ba'adare:
Na yarda. Ki dai ce zanen baƙi ne, kar ki manta.

Malamin Lakwal:
Ni a allo fatsa zan ci gaba da rubutawa, ta fi shiga layi.

Baba Mai Ƙamus:
Ɗiyata, ban gamsu ba. Ranar da za a fassara dokar nan zuwa Hausa ba wanda zai rubuta burtu a cikin sashe na kaza. Amma ki yi shirinki, ki gaishe da gwaggonki. In za ki faɗi tawa, ki ninka r ɗin yadda ya kamata, kuma ki turo mini lambar da ake kira.