Gurbi 11,172 don rubutun Koriya: almubazzaranci ne ko dabara?

Malam Habu: Jama'a, har gobe ina kan bakana, Unicode, tsarin da ke ba haruffan duniya lamba a kwamfuta, ta yi almubazzaranci da ta ware wa gaɓoɓin Koriya gurbi 11,172. Hangul, wato rubutun Koriya da Sarki Sejong ya fitar a 1446, haruffansa na asali da ake amfani da su yau 24 ne. A ba kowane harafi lambarsa, kwamfuta ta riƙa haɗa su. Wurin haruffa ɗai-ɗai ma akwai shi a Unicode, daga lambar U+1100.

Zainab: Malam, wannan adadin lissafi ne ya haife shi. Baƙin farko 19, wasali 21, baƙin ƙarshe 27, a ƙara da gaɓar da ba ta da baƙin ƙarshe, 28 ke nan. Ka ninka ukun, ka samu 11,172. An jera su bi da bi daga 가, wato U+AC00, har ana iya gano lambar kowace gaɓa da lissafi kawai. Ga kuma nauyi: 한 a dunƙule bayit (ma'aunin girman bayani a kwamfuta) 3 take ci a UTF-8, hanyar adana rubutun Unicode, a warwatse kuwa 9.

Ibrahim: Ni na ga illar warwatsawar da idona. Wata ɗalibar da nake koyon Koriyanci a wurinta ta turo min fayil, sunansa ya zo min a wargaje, ㅎ daban, ㅏ daban, ㄴ daban. Na rubuta sunan daidai a wurin bincike, kwamfutata ta ce babu shi.

Malam Habu: Ibrahim, wannan laifin manhaja ne. Kuma ku tuna su kansu Koriyawan sun sha wahalar dunƙulewar. Ma'auninsu na 1987, KS C 5601, gaɓoɓi 2,350 kaɗai ya ɗauka. Mutum ya so rubuta 똠, babu hali.

Zainab: Ai shi ya sa a 1996 Unicode 2.0 ta zuba dukkansu, ba a bar ko ɗaya ba. Inda na ga matsala, Malam, tashin da aka yi wa gaɓoɓin da ke cikin Unicode tun farko daga tsohon wurinsu ya lalata rubuce-rubucen da aka adana da tsohon tsarin. Bayan nan ne aka ɗauki alkawarin ba za a sake matsar da harafi ba.

Malam Habu: To Zainabu, tsohon Hangul fa, mai haruffan da aka daina amfani da su, irin ㆍ? Babu gaɓarsa ko ɗaya cikin 11,172 ɗin nan. Masu buga tsofaffin littattafan Koriya har yau da haruffa ɗai-ɗai suke haɗa shi.