Rajista ta tsaya ranar sallama, bincikena ya cije

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Ina digiri na biyu kan lafiyar uwa da yaro, ina binciken mace-macen mata wajen haihuwa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haɗa har da wadda ta rasu cikin kwana 42 bayan ƙarewar ciki. Rajistar asibitin da nake amfani da ita kuwa ranar da aka sallami mai jego take tsayawa, gurbin ziyarar jego fari fat. Wadda jini ya ɓalle mata ta rasu a gida ba ta cikin lissafina, abin yana hana ni barci. Malamina ya ce in tsaya kan asibiti kawai, zuciyata ta ƙi. Don Allah wanda ya taɓa bin gidaje yana tambayar dangi musabbabin rasuwa, yaya ya samu izinin kwamitin ɗa'a mai amincewa da bincike, kuma wata nawa aikin ya ci?